Filin Lafiya: Yawan Zubar Jinin Al'ada da Ƙarancin Jini

 

Tun daga shekarar 2014 duniya ta ware ranar 28 ga Mayu domin wayar da kai a kan al'adar mata. An zaɓi 28 saboda yawanci kwana 28 ne tsakanin al'ada da al'ada, aka zaɓi wata na biyar saboda yawanci kwana biyar jinin ke yi. A irin wannan rana an fi yin maganar tsafta da audugar mata. Mu kuwa mun ɗauko wani ɓangaren da ba a cika taɓawa ba, wato yawan jinin da ke fita da abin da yake jawo wa jiki. Darasin na kowa ne, mata da maza, domin duk namijin da ke karanta allon nan yana da uwa ko yaya ko ƙanwa.

Mene ne ƙarancin jini?

Idan aka ce wance ba ta da jini, ana nufin jajayen ƙwayoyin jininta sun yi kaɗan, ko kuma sinadarin da ke cikinsu mai suna himogulobin ya ragu. Himogulobin shi ke ba jini launin ja, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Jiki ba ya iya haɗa shi sai da sinadarin ƙarfe, wanda muke samu daga abinci. Kowace jar ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu, ɓargo ya ƙera wata. Jiki yana da tattali, domin yakan kwashe ƙarfen ƙwayar da ta mutu ya sake aiki da shi. Amma jinin da ya fita waje ya tafi ke nan da ƙarfensa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai shekara 15 zuwa sama wadda ba ta da ciki, idan himogulobin ɗinta ya gaza giram 12 a kowace desilita ta jini, tana da ƙarancin jini. Ga mai ciki iyakar 11 ce, ga namiji 13. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A duniya baki ɗaya adadin kusan kashi 30 ne. Ke nan a ƙasarmu, a cikin mata goma kusan shida abin ya shafa.

Yaushe ake cewa jini ya yi yawa?

A shekarar 1966 wani likita mai suna Leif Hallberg da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon awon jinin al'adar mata 476 a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin. Daga wannan aiki aka samo ma'aunin da littattafan likitanci ke amfani da shi har yau. Yawancin mata suna zubar da mililita 30 zuwa 40 na jini a al'ada guda, wato ƙaramin cokalin shayi shida zuwa takwas. Idan ya haura mililita 80, cokali 16 ke nan, ya yi yawa. A ido abin yakan fi haka, saboda jinin yana fitowa ne haɗe da wani ruwa da ɓarɓashin fatar cikin mahaifa.

Ba wadda za ta zauna tana awo da cokali, don haka likitoci suka ba da alamomin da kowace yarinya za ta iya lura da su da kanta:

1. Jinin yana wuce kwana bakwai.
2. Auduga ko ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu.
3. Sai an haɗa auduga biyu, ko auduga da tsumma, kafin a iya zama a aji.
4. Ana tashi cikin dare don canzawa, ko a wayi gari shimfiɗa ta ɓaci.
5. Gudajin jini suna fita masu faɗin murfin kwalbar lemo ko fiye.
6. Jinin yana hana zuwa makaranta ko aikin gida.

Wadda take ganin ɗaya daga cikin waɗannan wata bayan wata, ta cancanci a duba ta.

Mu ɗan yi lissafi

A kowace mililita ɗaya ta jini akwai kusan rabin miligiram na ƙarfe. Kowane mutum, mace ko namiji, yana asarar kusan miligiram ɗaya a rana ta fata da hanji. Hanji kuma yakan tsotsi miligiram ɗaya zuwa biyu a rana daga abinci.

Mu ɗauki misalin ɗalibai biyu. Ta farko tana zubar da mililita 40, wato miligiram 20 na ƙarfe a wata. Idan aka raba a kwana 28, bai kai miligiram ɗaya a rana ba. A haɗa da ɗayan da kowa ke asara, bai kai biyu ba. Idan tana cin abinci mai kyau, shiga da fita za su yi daidai.

Ta biyu tana zubar da mililita 120, wato miligiram 60 a wata, fiye da biyu a rana. A haɗa da ɗayan can, ta haura uku. Ko hanjinta ya tsotsi biyu cif, kullum ana bin ta bashin ɗaya. Ajiyar ƙarfe a jikin mace mai lafiya ba ta cika wuce miligiram 300 ba. Kowa ya raba da kansa: kafin shekarar karatu ta zagayo, ajiyar ta ƙare. Ga shi kuma yarinya ce mai girma, ƙashi da tsoka da jini duk suna ƙaruwa, kowanne yana neman rabonsa. Abin da ya sa ke nan masana abinci a Amurka suka ƙayyade wa 'yan mata masu shekara 14 zuwa 18 miligiram 15 na ƙarfe a abincin yini, samari tsaransu kuwa 11.

Darasi daga tafki

Mu da muke zaune a bakin Tafkin Kainji mun fi kowa saurin gane wannan. Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwa yana shigowa daga Kwara, ana kuma sakinsa ta injinan wuta. Da rani, idan fita ta fi shiga, tafkin yakan yi ta ja da baya, gaɓa ta buɗe, inda jirgi ke tsayawa a da ya zama fili. Duk da haka injinan suna ci gaba da juyawa, domin ajiya suke ci. Sai ruwan ya yi ƙasa ƙwarai sannan ƙarfin wutar ya ragu.

Haka jiki yake yi. Ajiyar ƙarfe da ke hanta da ɓargo ita ke fara ƙarewa, himogulobin yana nan kamar lafiya lau. Sai daga baya shi ma ya faɗi. Saboda haka yarinya tana iya yin gwajin jini a ce mata jininta ya isa, alhali rumbun ƙarfenta wayam yake, gajiya kuma ta riga ta kama ta. A 1996 an wallafa wani bincike da aka yi a kan 'yan matan sakandare a birnin Baltimo na Amurka, waɗanda ƙarfensu ya yi ƙasa amma jininsu bai kai ga faɗuwa ba. Waɗanda aka ba maganin ƙarfe na mako takwas sun fi waɗanda ba a ba su ba a gwajin koyon kalmomi da riƙe su. Mai shirin WAEC ko NECO ta lura da wannan.

Alamomin ƙarancin jini

Ga waɗanda aka fi gani: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, jiri idan an miƙe tsaye ko an daɗe a layin asambali, ciwon kai, bugun zuciya da sauri, haki bayan ɗan hawa ko ɗaukar bokitin ruwa, da rashin iya tattara hankali a aji. Gashi yakan karye, farce ya yi laushi, gefen baki ya tsage. A duba tafin hannu da harshe da cikin fatar ido ta ƙasa. Inda ya kamata a ga ja, sai a ga ya koɗe ya yi fari-fari.

Akwai wata alamar da ake yi wa dariya, ita ce kwaɗayin abin da ba abinci ba: tauna ƙanƙara, cin ƙasa ko alli, ko ɗanyar shinkafa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan kwaɗayi yakan zo da ƙarancin ƙarfe, kuma yakan tafi idan an yi magani.

Matsalar waɗannan alamomi ita ce a hankali suke shigowa. Yarinya takan saba da su har ta ɗauka haka Allah ya yi ta. A gida a kira ta raguwa, a aji a ce ba ta mai da hankali.

Me ke jawo yawan zubar?

A shekarun farko bayan fara al'ada, sinadaran jiki masu tsara ta ba su gama daidaita ba. Wani watan ƙwai ba ya fita, fatar cikin mahaifa ta yi ta kauri, ranar da za ta zubo sai ta zubo da yawa. Wannan shi ne dalili mafi yawa ga 'yan mata tsaranmu. Yakan daidaita da kansa, amma ƙarfen da ya tafi kafin nan sai an mayar da shi.

Dalili na biyu shi ne ciwon rashin daskarewar jini da ake gada. Mafi yawansa shi ne wanda ake kira da sunan Erik von Willebrand, likitan ƙasar Finlan da ya bayyana shi a 1926. Ya gano shi ne a wani gida a tsibiran Aland, inda yara mata da dama suka rasu ta hanyar zubar jini. Yarinyar da aka fara kawo masa ita ma daga baya ta rasu a al'adarta ta huɗu. A yau akwai maganinsa. Wadda jininta ya yi yawa tun daga al'adar farko, tana kuma yawan haɓo, ko dasashinta yana jini, ko ƙaramin yanka ya daɗe bai tsaya ba, ko mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata haka suke, ta gaya wa likita duk wannan. A irin gidajen nan ne ake cewa “ai mu haka muke”, shi ya sa ciwon ke daɗewa ba a gano shi ba.

Ga manyan mata, ƙarin mahaifa da ake kira fayibiroyid yana cikin manyan dalilai. Akwai kuma ciwon maƙoƙo, da wasu magunguna, da ɓari ga matar da ƙaramin ciki ya shiga ba ta sani ba.

Sauran ƙofofin da jini ke bi a bakin ruwa

Yarinyar Yauri ko Wara ko Shanga ko ta cikin gungu tana da ƙarin abokan gaba uku. Na farko tsargiya. Ƙwayarta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, tana huda fata lokacin wanka ko wanki ko aikin shinkafa a fadama. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Ga mace tana iya taɓa mahaifa da al'aura, ta jawo ɗigon jini da ake ɗauka na al'ada ne. Na biyu tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda ke shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta maƙale a hanji tana shan jini. Na uku zazzaɓin cizon sauro, mai farfasa jajayen ƙwayoyi.

Jirgin da ke yoyo ta wuri huɗu, toshe ɗaya ba ya hana shi cika. Don haka idan an zo rabon maganin tsargiya da na tsutsa a makaranta, a ci abinci a sha, kada a ɓoye shi a aljihu. A sa takalmi, a kwana cikin gidan sauro.

Haila da istihala

Ɗalibai Musulmi sun karanta a Islamiyya cewa a mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila ga mai farawa kwana 15 ne, abin da ya wuce haka istihala ne. Wannan iyaka ta hukuncin salla da azumi ce. Ma'aunin lafiya daban yake, kwana bakwai ne. Yarinyar da ke yin kwana 12 kowane wata tana cikin haila a fiƙihu, kuma tana bukatar ganin likita. Kunya ma ba hujja ba ce. Littattafan hadisi sun kawo yadda Fatima 'yar Abu Hubaish ta je da kanta ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da jinin da ya ƙi ɗauke mata, aka kuma ba ta amsa.

Magani

Aiki biyu ne ake yi tare, rage zubar da kuma cika rumbu. Wadda ta yi ɗaya ta bar ɗaya za ta koma gidan jiya.

Matakin farko shi ne rubutu. A samu bayan littafi a riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa, audugar da aka canza kowace rana, da ko an ga gudaji. Rubutun wata uku ya fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Na biyu gwaji. Gwajin PCV ko na himogulobin ba ya ɗaukar lokaci, ana yinsa a Babban Asibitin Yauri da ɗakunan gwaji da dama. Wanda ke nuna ajiyar ƙarfe sunansa feritin, an fi samunsa a manyan asibitoci irin na Birnin Kebbi da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Na uku maganin ƙarfe. Ƙwayar da aka fi sani, wadda mutane ke kira fasolet, tana ɗauke da kusan miligiram 65 na ƙarfe, kuma ba ta da tsada. Takan mai da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Wasu takan sa su tashin zuciya ko taurin bayan gida. Wadda ta ji haka ta koma wurin ma'aikacin lafiya ya sauya mata yadda za ta sha. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar an ji ƙarfi. Bayan jini ya dawo daidai, akan ci gaba da sha kusan wata uku domin rumbu ya cika. A ajiye maganin nesa da ƙannenmu, domin yana iya kashe ƙaramin yaro idan ya haɗiye da yawa. Mai sikila kuma kada ta sha sai likita ya gwada ya ce ta sha, saboda nata ƙarancin jinin iri daban ne, ƙarfe yana iya yi mata yawa.

Na huɗu rage zubar. Akwai ƙwayar da ke taimaka wa jini daskarewa wadda ake sha a kwanakin al'ada kawai, akwai kuma masu daidaita sinadaran jiki. Likita ne ke zaɓa bayan ya san dalili. A guji asfirin da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki na masu talla a lokacin al'ada, domin asfirin yana ƙara zubar jini.

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan auduga tana jiƙewa kowace awa har awa biyu ko fiye a jere, ko an suma, ko ana haki a zaune.

Abinci

Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki, hanji yakan tsotsi kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari. Na tsirrai kuwa kashi 2 zuwa 20 ne. A nan Allah ya yi mana gata. Ƙananan kifin nan da ake shanyawa a bakin tafki, waɗanda ake ci da kai da ƙaya, sun fi tsokar babban kifi ƙarfe, ga su da araha. A daka su a zuba a miyar kuka ko ta kuɓewa. Wake, gero, zogale, alayyahu da daddawa duk suna da nasu. Abin da ke taimaka wa ƙarfen tsirrai shiga jiki shi ne bitamin C, wanda ke cikin lemu, gwaiba, mangwaro, ɗanyen tumatir da garin 'ya'yan kuka. Matsa lemun tsami a kwaɗon zogale ko a kan wake da shinkafa ƙaramin aiki ne mai amfani.

Shayi yana hana ƙarfe shiga, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakaninsa da abinci ko magani. Lemon malt da madara da ake haɗa wa marar jini yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukari, amma ƙarfen cikinsa bai taka kara ya karya ba, madara ma tana rage tsotsar ƙarfe. Kuɗin gwangwani biyun nan gara a sayi hanta ko maganin kansa. Jan launin zoɓo shi ma ba ya mai da shi jini. Kuma wadda jininta ya riga ya faɗi, abinci kaɗai ba zai ɗaga shi da wuri ba, sai an haɗa da magani.

Aikin kowa

'Yan'uwa mata, ku fara rubutun nan daga wannan watan, ku nuna wa Mama ko Yaya ko malamar da kuka yarda da ita. Matambayi ba ya ɓata. Ƙarancin jinin da aka bari yana bin mace har gidan aure, kuma shiga ciki da shi yana ƙara haɗari ga uwa da jariri ranar haihuwa.

'Yan'uwa maza, idan siket ɗin wata ya ɓaci a aji, a kau da kai a yi shiru. Dariyar minti ɗaya tana iya hana ta zuwa makaranta mako guda.

Malamanmu, muna roƙo da ladabi. Ɗalibar da ke neman izinin fita sau biyu a darasi ɗaya, ko take fashi a kwanaki iri ɗaya kowane wata, ko ta faɗi a asambali, a sa wata malama ta tambaye ta a keɓe kafin a kai ga horo. Muna kuma roƙon hukumar makaranta ta gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa ɗalibai mata gwajin jini ko sau ɗaya a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa inda ƙarancin jini ya kai kashi 40 cikin ɗari, a riƙa ba 'yan mata maganin ƙarfe kullum na wata uku a jere kowace shekara. Adadin ƙasarmu ya wuce wannan iyaka.

Tambayoyin bita

1. Kawo alamomi huɗu da ke nuna jinin al'ada ya yi yawa.
2. Ɗaliba tana zubar da mililita 100 a wata. Miligiram nawa na ƙarfe take asara a wata goma?
3. Me ya sa ake ci gaba da shan maganin ƙarfe bayan jini ya dawo daidai?
4. Waɗanne cututtuka uku na bakin ruwa ne ke ƙara ƙarancin jini?

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Mai tambayar da take jin nauyin yi a fili ta rubuta ba suna, za mu kai wa malamar kimiyyar halittu, amsa ta fito a allo na gaba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.

Daga Sashen Lafiya, Ƙungiyar 'Yan Jarida